Sadaka ta saƙon tes a Birtaniya: yadda lambobin 70 suke aiki, da inda suke gazawa

Duk wanda ya zauna a Birtaniya ko na wata uku ne ya ga wannan tallan. A cikin jirgin ƙasa, a jikin bas, ko a ƙasan allon talabijin cikin watan azumi: hoton mutanen da ambaliya ko yaƙi ya raba da gidajensu, ƙarƙashinsa kalma ɗaya da manyan baƙaƙe, sai lamba mai alƙaluma biyar da ta fara da 70. Ka tura kalmar zuwa lambar, ka ba da fam 3 ko 5 ko 10. Babu katin banki, babu cike takarda, ko intanet ba ka bukata, ƙaramar waya mai maɓalli ma ta wadatar. Wannan hidimar muka zauna muka duba, daga hannun mai bayarwa har zuwa asusun ƙungiya. Hukuncinmu tun daga farko shi ne: wajen ƙaramar sadakar gaggawa da wuya a sami hanyar da ta fi ta sauƙi, amma ba hanyar zakka ba ce, ba ta babban kuɗi ba ce, kuma saurin da mutane suke yaba mata saurin saƙo ne kawai, ba saurin isar kuɗi ba.

Bari mu fara da abin da ke faruwa idan ka danna tura, domin a nan mafi yawan mutane suke da kuskuren fahimta. Hannu huɗu ne a cikin cinikin: kai, kamfanin layinka (EE ne ko O2 ko Vodafone ko Three), wani kamfanin tsakiya mai riƙe da gajeriyar lambar, wanda za mu kira dillali, sannan ƙungiyar agajin. Saƙonka ba ƙungiyar yake zuwa ba, wurin dillali yake sauka. Na'urarsa ta karanta kalmar farko, ta duba wace ƙungiya ce ta yi hayar wannan kalma, ta maido maka da saƙon godiya. A yawancin tsarin, saukar wannan saƙon godiya a wayarka shi ne yake sa a cire kuɗin. Idan layin sa kati kake da shi, nan take za a zare daga kuɗin katinka. Idan layin biyan wata-wata ne, ba a cire komai ba tukuna, an dai rubuta maka bashi a kan bil ɗin da zai zo ƙarshen wata.

To daga nan sai jira. Kamfanin layi ba ya sakin kuɗi sai ya rufe lissafin watan, ya tantance nawa aka biya, nawa aka yi gardama a kai. Sannan ya tura wa dillali a dunƙule, dillali ya raba wa ƙungiyoyi. Makonni ake ɗauka, sau da yawa fiye da wata guda. Girgizar ƙasar Haiti ta 12 ga Janairun 2010 ce ta fito da wannan matsala fili. A Amurka an ce wa mutane su tura HAITI zuwa 90999 su ba da dala 10, kuma ƙungiyar Red Cross ta can ta tara sama da dala miliyan 32 ta wannan hanya kaɗai. Sai ga shi a ka'idar kamfanonin waya kuɗin kan yi kwana 60 zuwa 90 kafin ya fita daga hannunsu, alhali mutane suna kwance ƙarƙashin ɓaraguzai a Port-au-Prince, babban birnin Haiti. Sai da manyan kamfanonin suka yarda su biya wani kaso daga aljihunsu kafin masu layi su biya bil. Wannan alfarma ce da aka yi saboda girman masifar da kuma idon duniya, ba tsari ne na kullum ba. Babbar ƙungiya tana da ajiya, tana iya fara kashewa tana jiran kuɗin tes. Ƙaramar ƙungiya mai neman kuɗin yi wa yaro tiyata ranar Alhamis ba ta da wannan sararin.

Ta fuskar abin da ake cirewa kuwa, tsarin Birtaniya ya cancanci yabo. A da, idan ka tura fam ɗaya, kamfanin layi zai ɗauki rabonsa kamar yadda yake yi a cinikin sautin kira da wasannin waya, a cire harajin kaya, abin da zai kai hannun ƙungiya bai taka kara ya karya ba. A 2009 aka ware jerin lambobin da suka fara da 70 domin agaji kawai, aka ɗauke musu harajin kaya, daga baya manyan kamfanonin layi suka bi juna suna yafe nasu kason. Shi ya sa lambar farko take da muhimmanci: lamba mai alƙaluma biyar da ta fara da 6 ko 8 ta kasuwanci ce, kamar ta gasa da kacici-kacici. Abin da ya rage shi ne kuɗin dillali, wanda a wurin masu yi wa ƙananan ƙungiyoyi hidima yakan kai kusan kashi 5 cikin ɗari. An taɓa samun wanda ba ya cire ko kwabo: JustTextGiving, wanda Vodafone da shafin tara gudummawa na JustGiving suka buɗe a 2011 a kan lamba 70070, inda kowace ƙungiya, har da mutum ɗaya mai shiga tsere domin tara kuɗin agaji, take samun alama mai baƙaƙe huɗu da alƙaluma biyu. An rufe shi a 2019, kuma ƙananan ƙungiyoyi da yawa sun ji rufewar a jikinsu. Har yau akan ci karo da tsofaffin takardun talla masu ɗauke da irin waɗannan alamomi, waɗanda ba sa kai kuɗi ko'ina.

Kai ma akwai ɗan abin da za ka biya a gefe. Ƙananan rubutun da ke ƙasan talla yakan ce za ka biya kuɗin gudummawa, ƙari da kuɗin tura saƙo guda. Ko da kana da tes kyauta a tsarin layinka, saƙo zuwa gajeriyar lamba ba lallai ya shiga cikin kyautar ba. 'Yan kwabbai ne, amma ga mai layin kati suna iya ɓata komai: idan fam 5 cif ke cikin wayarka ka tura gudummawar fam 5, kuɗin saƙon zai fara fita, sauran bai kai ba, gudummawar ta faɗi.

Yanzu ga wurin da abin ya fi lalacewa, wato kalmar da ake turawa. Hayar gajeriyar lamba ta ƙungiya ita kaɗai tana da tsada, don haka ƙungiyoyi da yawa suna taruwa a kan lamba ɗaya, kalma ce kawai take raba su. Kamar gidan haya ne mai ƙofa ɗaya da ɗakuna da yawa, sunan da ka ambata a zaure shi zai nuna ɗakin da za a kai saƙonka, kuma mai gadin na'ura ce, ba ta tambayar abin da kake nufi. A watan Maris na 2014 aka ga haka ƙarara. Mata suka fara sa hotunansu ba kwalliya a Facebook da Twitter suna kiran a taimaka wa binciken cutar daji, ƙungiyar Cancer Research UK ta tara fam miliyan 8 cikin kwana shida, kaso mai yawa ta hanyar tura BEAT zuwa 70099 a kan fam 3. Amma saƙon yana yawo daga hannu zuwa hannu, wasu suka riƙa rubuta DONATE maimakon BEAT. A kan wannan lambar kuwa DONATE ta UNICEF ce. Sama da fam 18,000 suka tafi can bisa kuskure, sai da UNICEF ta bi sawu domin a mayar wa waɗanda aka yi niyya. Wasu kuma wayarsu ce ta gyara musu rubutu da kanta, ta mayar da BEAT ta zama BEAR, sai ga saƙo daga ƙungiyar kare namun daji ta WWF tana godiya da sha'awarsu ta ɗaukar nauyin dabbar nan ta yankin ƙanƙara da ake kira bear a Turance. Su dai ba a cire musu kuɗi ba, domin WWF sai ta kira mutum ta tabbatar, amma gudummawar da suka yi niyya ma ba ta tafi ba.

Darasin da ke nan na aiki ne. Mai bayarwa ya kalli allon wayarsa kafin ya tura, ya ga kalmar tana nan yadda aka rubuta a tallan ƙungiyar kanta, ba yadda wani ya turo a WhatsApp ba. Kada ya ƙara sallama ko addu'a a gaban kalmar, na'ura kalmar farko take karantawa. Bayan ya tura ya jira amsa, ya karanta sunan ƙungiyar da ke cikinta da adadin kuɗin. Idan amsa ba ta zo ba, kada ya yi ta maimaitawa, domin a lokacin cunkoso amsoshi sukan makara su zo a tare, kowanne da cajinsa. Ita kuma ƙungiya, kafin ta buga takarda ko ɗaya, ta gwada kalmarta a kan wayoyi iri-iri ta ga ko suna sauya ta, ta tambayi dillali waɗanne kalmomi ne maƙwabtanta a kan lambar, kuma ta guji haɗa sifili da harafin O, ko 1 da I.

Sauran dalilan faɗuwar gudummawa ba su da yawa, kuma kusan kullum su ne dai. Layin yana da shingen hana saƙonni masu caji, wanda iyaye kan sa wa yara kuma kamfanoni kan sa wa wayoyin ma'aikata. Ko mai layin ya sa wa kansa iyakar abin da zai kashe a wata, ya kai ta. Ko kuwa layin na ɗaya daga cikin ƙananan kamfanonin nan ne masu arhar kira zuwa ƙasashen waje, waɗanda baƙi da ɗalibai suka fi riƙewa, wasunsu ba sa ɗaukar irin wannan caji sam. Sannan gajeriyar lamba ta ƙasa ɗaya ce. Wanda ke Kano ko Maraɗi da layin gida, ya ga tallan a tashar tauraron ɗan adam ya tura zuwa 70099, ba abin da zai isa Landan.

Akwai kuma rufin da doka ta sa. A ƙarƙashin dokar hidimar biyan kuɗi ta 2017, abin da za a caje ta bil ɗin waya ba zai wuce fam 40 a lokaci ɗaya ba, kuma ba zai wuce fam 240 a wata ba. A aikace yawancin kamfen suna tsayawa a fam 20 ko 30. Wannan kariya ce mai kyau ga wanda yaro ya ɗauki wayarsa, amma tana da illa ga ƙungiya da ba a cika faɗa ba. Mutumin da zuciyarsa ta motsa, wanda da an ba shi lambar asusu zai iya ba da fam 50, sai ya tura fam 5 ya ji ya sauke nauyi. Cibiyar bincike ta Pew da ta bi sawun masu bayarwa na Haiti ta samu cewa kusan uku cikin huɗu sun tura ne a ranar da suka ji kiran, kuma kusan adadin nan ba su yi wani dogon bincike ba kafin su tura. Ƙarfin hanyar ke nan, rauninta ma ke nan: tana kama mutum da zafinsa, amma da ɗan abin da ke bakin aljihu.

Rashin binciken nan yana da farashi. A makon Haiti ɗin, lamba ta biyu da ta fi yawo ita ce ta gidauniyar Yéle Haiti ta mawaƙi Wyclef Jean, dala 5 a kowane saƙo. Daga baya tambayoyi suka taso a kan yadda take kashe kuɗi, hukumomin jihar New York suka shiga bincike, ta rufe a 2012. Lambar ba ta bogi ba ce, saƙonnin sun tafi daidai, kuɗin ya isa inda aka ce. Ingancin bututu bai nuna ingancin randar da ruwan yake zuba ba. A Birtaniya dubawar ba ta cin minti biyu: kowace ƙungiya mai rajista a Ingila da Wales tana da lamba a kundin Charity Commission, hukumar da ke yi wa ƙungiyoyin agaji rajista, na Scotland kuma a kundin takwararta OSCR, kuma ana ganin lissafin shigarta da fitarta na shekara a can. Idan kuwa saƙo ne ya faɗo maka haka kawai yana neman ka danna wani mahaɗi ka taimaka, wannan ba tsarin da muke magana a kai ba ne, a tura shi zuwa 7726, lambar kai ƙarar saƙonnin damfara, kyauta ce.

Wani abin da masu bayarwa da yawa suke bari ya zube shi ne Gift Aid. Tsari ne na gwamnati: idan mai biyan haraji a Birtaniya ya ba da fam ɗaya, ƙungiya tana karɓo ƙarin kwabo 25 daga hukumar haraji, shi bai ƙara komai ba. Fam 10 ya zama fam 12 da rabi. Matsalar ita ce saƙon tes lambar waya kaɗai yake ɗauke da ita, hukumar haraji kuwa tana son cikakken suna da adireshin gida da shaidar mutum cewa yana biyan haraji. Don haka saƙon godiya yakan zo da mahaɗin cike waɗannan, kuma mutane da yawa ba sa komawa kansa. Ga misali da lissafi: mutum 200 sun ba da fam 5, an tara fam 1,000, dillali ya ɗauki fam 50. Da duka sun cike, ƙarin fam 250 ne. Idan 40 ne suka cike, fam 50 ne, wato ya toshe ramin dillali ke nan kawai. Gargaɗi ɗaya ga ɗalibai da duk wanda kuɗin shigarsa bai kai na biyan haraji ba: kada ka cike. Idan ba ka biya harajin da ya kai abin da aka karɓo da sunanka ba, kai hukumar za ta iya nema ka cika giɓin. Haka idan kamfani ne yake biyan bil ɗin wayar, kuɗin ba naka ba ne balle ka yi shaida a kansa.

Cewa ƙungiya ba ta san sunanka ba, ga mai son sadakar ɓoye wannan alheri ne, hannun hagu bai san abin da dama ya bayar ba. Sai dai ta san lambarka, kuma shekaru da dama lambar ita ce ainihin abin da wasu manyan ƙungiyoyi suke nema. Fam 3 ɗin ƙofa ce, bayan kwana biyu sai kira ya shigo ana roƙon ka koma bayarwa duk wata ta banki. Ƙorafin jama'a a kan matsin masu neman gudummawa ya yi ƙarfi a 2015, aka kafa hukumar Fundraising Regulator a 2016, dokar kare bayanai ta ƙara tsanani a 2018. Yanzu dole talla ya faɗi ko za a tuntuɓe ka da yadda za ka ƙi, sau da yawa ta hanyar liƙa NO ko NOINFO a jikin kalmar. Karanta ƙananan rubutun ka ga wanne ne. A nan ne ma za ka gane ko gudummawar ta sau ɗaya ce ko ta kowane wata. Ta wata-watan tana da wani tsari da muke ganin ya fi na banki tausayi: kafin a cire ana turo maka tunatarwa, idan watan ya matse ka amsa da SKIP a tsallake shi, idan ka gama gaba ɗaya ka tura STOP. Hukumar da ta riƙa sa ido a kan wannan ita ce Phone-paid Services Authority, har zuwa Fabrairun 2025 da aikin ya koma hannun Ofcom, hukumar kula da sadarwa ta Birtaniya.

Batun zakka muna ganin a yi hattara sosai. Ƙungiyoyin Musulmi na Birtaniya, irin su Islamic Relief da aka kafa a Birmingham a 1984, suna ware asusun zakka daban da na sadaka, domin zakka tana da mutanenta takwas da Alƙur'ani ya lissafa a Suratut Tauba. Kalmar tes kuwa sau da yawa asusun kamfe ɗaya take zubawa ko babban asusun ƙungiya, ba wurin da za ka rubuta cewa wannan zakka ce. Ga kason dillali da zai fita daga ciki, ga rufin fam 40. Zakkar fidda kai ta fi tsanani, tunda ana son ta kai hannun mabuƙaci kafin sallar idi, kuɗin tes na daren ashirin da tara kuwa sai Shawwal ya yi nisa zai fito daga kamfanin layi. Sai in ƙungiyar ta faɗa a fili cewa tana sayen abincin tun da wuri da kuɗinta. Wanda zai fitar da zakka ya bi ta shafin ƙungiyar ko ta banki, inda zai zaɓi asusun da idonsa ya karɓi rasit, abin da ya shige masa duhu na hukunci kuma ya tambayi malami.

Masu ƙungiyoyi a ƙasashenmu sukan tambaya ko za a iya kwaikwayon wannan. Abin da ya sa ya yi aiki a Birtaniya ba fasaha ba ce, yarjejeniya ce: kamfanonin layi sun yafe kasonsu, gwamnati ta yafe haraji, akwai kundin da kowa zai duba ƙungiya. Inda babu waɗannan, gudummawa ta kuɗin kati tana narkewa a hanya. Misalin da ya fi kusa da yanayinmu na Kenya ne. A lokacin farin da aka yi a 2011, kamfen ɗin Kenyans for Kenya, wanda kamfanin waya na Safaricom da bankin KCB da kafofin watsa labarai da Red Cross ta Kenya suka haɗu a kai, ya tara sama da shilin miliyan 600 cikin 'yan makonni, talakawa suna turo ɗan abin da suke da shi ta M-Pesa. Bambancin shi ne M-Pesa kuɗi ne a ajiye cikin waya, ba bashin bil ba, don haka yana sauka a asusu a take. Tura kuɗi ta *737# ko *966# a Najeriya, ko ta Airtel Money a Nijar, ko MoMo a Ghana, dangin wannan ne, kuma ta fuskar sauri ya fi tsarin Birtaniya nesa ba kusa ba. Abin da ya rasa shi ne tantancewa. Lambar 70 ba a ba wa ƙungiya sai dillali ya ga rajistarta, lambar asusu kuwa kowa yana iya liƙa ta ƙarƙashin hoton mara lafiya. Don haka kafin ka sa lambar sirrinka, tsaya a allon da ke nuna sunan mai asusun: idan an ce gidauniya ce amma sunan mutum ɗaya ya fito, a dakata a nemi bayani tukuna.